Kawu Bustami da Ƙararrawar Minti Ɗaya

Jakarta, 6 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Kawu Bustami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, ina gaida Inna Rosma da mutanen gida baki ɗaya. Da fatan ƙafar da aka ce tana damunka ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon kai da kasa zama wuri ɗaya.

Na san sai ka juya ambulan ka sake duba sunan. Yusniar ce, 'yar marigayiya Nurbaiti. Kakata da mahaifiyarka 'ya'yan ya da ƙanwa ne. Rabonmu da juna tun bikin yayata, shekara ashirin ke nan, ina 'yar shekara tara. Kunya ta kama ni da na ɗauki biro, don ba zumunci ne ya tashe ni ba, buƙata ce. Gara in faɗa da bakina.

Ina aiki a ɗaya daga cikin sababbin tashoshin talabijin ɗin nan masu zaman kansu. Mu biyar ne a wani ɗaki marar taga, aikinmu mu ƙirƙiro shirin da ba a taɓa yi ba. Yawancin abin da muke nunawa daga waje ake sayo shi a ɗora masa muryoyinmu. Yanzu maigidanmu, Pak Handoko, ya ce masu talla sun gaji, abu na gida yake so kafin ƙarshen Yuli. Dabara goma sha ɗaya na kai masa. Gasar girki, ya ce akwai. Kacici-kacici tsakanin surukai, ya ce za mu kashe aure. Direbobin bas su yi gasar waƙa, ya ce wa zai sayi sabulu saboda direba. Sauran ko ƙasan takardar bai kai ba. Aikin nawa na wata shida ne, an ci huɗu.

Shekaranjiya ina cin abinci a tsaye a kasuwar Tanah Abang sai bikin nan ya faɗo mini a rai. An jera kwanuka tun daga ƙofa har ƙuryar ɗaki, dafaffen naman nan na rendang sai ƙamshi yake, kai da wakilin dangin ango kuna ta musayar magana, ba wanda ya isa ya sa hannu sai kun gama. Awa ɗaya da rabi. Na yi kukan yunwa, amma ban manta yadda manya suke murmushi suna zungurin juna ba. Kawu, a ganina shiri ne wannan. Masu magana biyu, abinci a tsakiya, jama'a na jira.

Matsalar ita ce ni a nan na girma, ban san kan abin ba. Don Allah ka rubuto mini ƙa'idojinsa: wa ke farawa, me ake faɗa, yaya ake gane wanda ya yi nasara. An ce mini ba ka son waya saboda kunne, shi ya sa na rubuto. In da hali, kada ta kwana biyu a aljihunka.

Taka,
Yusniar


Payakumbuh, 17 ga Yuni, 1994

Zuwa ga 'yata Yusniar,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni ranar Laraba ina gyaran bakin tafkin kifi. Muna lafiya. Ƙafa tana nan, ta tsufa tare da mai ita. Innarki ta ce ta tuna ki, ke ce yarinyar da ta ciji gefen tabarma a bikin nan.

Ban ga laifinki ba. Wanda ya zo da buƙatarsa a tafin hannu ya fi wanda ya zo da ita a aljihu yana ta gaisuwa.

Sai dai tambayarki ta ƙarshe a karkace take. Pasambahan, wato wannan musayar maganar ta biki, ba dambe ba ne, ba a yin nasara. Ana yinsa ne don kada baƙo ya ji kamar ciki ne ya kawo shi, kada mai gida ya ji kamar fariya yake da tukunyarsa. Mai gida ke farawa, ya kira kowa da sarautarsa ba da sunan yanka ba. Ba a kiran abu kai tsaye. Ba za ka ce ga shinkafa ba, sai ka ce gona ta aiko saƙo, mun rasa mai karanta mana. Shi kuma baƙo dole ya kama kalmarka ta ƙarshe ya juya ta, ya ce su ba malamai ba ne amma sun saba da rubutun gona. A haka ake tafiya. Wanda ya maimaita karin maganar da aka riga aka faɗa a zaman, kowa ya san ya faɗi, amma ba mai furtawa. Tsawonsa kuwa, sai ya ƙare.

Na cika miki shafi shida da misalai, suna cikin ambulan. Tun da na bar koyarwa ba wanda ya ƙara neman in rubuta masa abu. Yanzu in an kira ni biki, tun a ƙofa uban amarya ke raɗa mini cewa in taƙaita, wai makaɗa da awa aka ɗauko su.

In kina neman wanda ya iya a can, ki tambayi Haji Syamsuar mai gidan abinci a wannan kasuwar da kike ci a tsaye. Mun kara da shi sau tara kafin ya tafi Jakarta. Bakinsa da kaifi, sai dai gaggawa. Ki kuma riƙa zama in za ki ci.

Kawunki,
Bustami


Jakarta, 29 ga Yuni, 1994

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Ina lafiya, ciwon kan ma ya tafi.

Ya karanta har ƙasa. Pak Handoko ya karanta har ƙasa, ya koma sama, ya ce in zauna. Wata huɗu ban taɓa sanin laushin kujerar ofishinsa ba. Abin da ya kama shi shi ne maganar maimaita karin magana. Ya ce ga ƙa'ida nan da ko direban bas zai gane.

Na sa wa shirin suna Kafin a Sa Hannu. Za a yi gwaji ranar Asabar ashirin da uku ga Yuli. Gwaji ba a nuna wa duniya, manyanmu ne da masu talla kawai za su kalla su yanke hukunci. 'Yan kallo ɗari za su zauna a ƙasa, abinci a gabansu, su ne za su ɗaga hannu su zaɓi gwani. Na san ka ce ba a yin nasara. Na faɗa musu, suka ce talabijin ba ta san wannan ba. Akwai kuma ɗan agogo, kowa minti ɗaya sai a kaɗa ƙararrawa. Kada wannan ya dame ka, abu ne na tsari kawai.

Na je wurin Haji Syamsuar. Da na ambaci sunanka ya ajiye ludayi ya ce, "Bustami yana raye? To in zai zo zan zo, in ba shi ba ku nemi wani." Ka ga ke nan shawara ta zama gayyata. Ga tikitin bas a ciki. Na san tafiyar kwana biyu ce ga kuma ciwon ƙafarka, na kuma san ban da bakin roƙonka. Amma ina roƙo.

Kwana ashirin da huɗu ya rage. Sau uku na canza launin tabarmi yau.

Taka,
Yusniar


Payakumbuh, 9 ga Yuli, 1994

'Yata,

Muna lafiya, muna fatan kina haka. Zan taso ranar Talata sha tara, in iso Alhamis in Allah ya so. Innarki ta fito da rigar da nake sawa a bikin manya tana shanyawa.

Agogo bai taɓa damuna ba. Ki bar tabarmi su huta.

Bustami


Jakarta, 1 ga Agusta, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa. Da fatan ka isa lafiya, teku bai wahalar da ku a wajen tsallakawa ba, ƙafar kuma ba ta kumbura ba. A gaida Inna, a ce mata na gode da soyayyen rogon, mutanen ofis sun cinye kafin azahar.

Tun da bas ɗinka ya fita daga tasha ban samu natsuwa ba. A hanya ba ka yi magana sosai ba, ni ma ban yi ba.

Labari shi ne gwaji ya karɓu. Masu talla uku sun kalla, biyu sun ce suna ciki, har da mai kamfanin man girki. Jama'a sun yi dariya ƙwarai, ka ji da kanka. Pak Handoko ya same ni a bakin matakala ya ce, "Wannan tsohon shi ne shirin." Haka ya faɗa. Suna maganar a yi shirin kashi-kashi har goma sha uku, za su aiko maka takarda. Ni ma an ce za a ƙara mini shekara guda.

Ya kamata in yi murna. Akwai abin da nake son in faɗa maka, amma sai na ga kaset ɗin bayan sun gama gyara shi. Ka rubuto mini yadda ka ga abin, don Allah, ko layi biyu ne.

Taka,
Yusniar


Payakumbuh, 15 ga Agusta, 1994

Zuwa ga 'yata Yusniar,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na isa lafiya. Ƙafa ta kumbura kamar kabewa, mako guda ina zaune. Da ta saɓe kuma aka jero mini biki uku, shi ya sa amsa ta makara.

Takardar tasharku ta zo ta gidan waya na gaggawa. Na kai wa shugaban makarantarmu ya duba mini, ya ce ba tarko a ciki, na sa hannu na mayar tun ranar Litinin da ta wuce. Za a fara ɗauka a Oktoba.

Maganar maigidanki kuwa, na karanta wa Innarki sau ɗaya, ita ta karanta wa unguwa sau goma. Yanzu in na shiga shagon kofi sai a ce ga shirin nan ya iso, a matsa masa. Mai shagon ya hau rufi ya gyara zaman setilayit don tasharku ta fito sosai. Innarki ta ce hulata ta fara yi mini kaɗan.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Daga ɗakin ɗaukar shiri har tashar mota ba ki dube ni ba. Na yi ta juya abin a bas. In na ɓata miki wani tsari ne, ko na ba ki kunya gaban mutanen birni, ki faɗa mini. Ba a gyara abin da ba a ambata ba.

Kawunki,
Bustami


Jakarta, 18 ga Agusta, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan shirun nan ba na rashin lafiya ba ne. Kwana goma sha bakwai ba amsa. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu safe da yamma, har mai gidan da nake haya ta fara tambayata ko saurayi ne. Na san dalilin shirun, kuma kana da gaskiya.

Jiya na ga kaset. Bari in faɗi abin da na kasa faɗa.

Ranar gwaji ina ɗakin sama inda muke kallo ta allo. Ka fara gaisuwa, ba ka ko gama kiran sarautu ba aka kaɗa ƙararrawa. Ba ka ji ba, ka ci gaba. Aka sake kaɗawa, ka kama kunne ka juya ka ce, "An ce in ci gaba?" Ɗaki ya fashe da dariya. Karo na uku ka zauna, ka gyara hula, ka tashi ka sake farawa tun daga bismillah. Na ga hannunka yana rawa. Mutanen da ke kusa da ni har da masu share hawayen dariya, ni kuwa ji na yi kamar in nutse. Na san da maganar kunnenka, ban gaya wa kowa ba, ban sa an kunna maka fitila maimakon ƙararrawa ba. Na ɗauko dattijo daga gidansa na tsayar da shi gaban mutum ɗari suna yi masa dariya.

A kaset ɗin sun yanke rabin karin maganarka. Duk inda ƙararrawa ta kaɗa sai su matso da fuskarka ta cika allo. Ina ma zargin sun ƙara dariyar. Sunan shirin ma sun canza, wai Tsoho da Ƙararrawa. Da Pak Handoko ya ce kai ne shirin, abin da yake nufi ke nan. Na rubuta maka maganar yadda za ta yi daɗin ji, don ina tsoron a fasa a kore ni.

In takarda ta zo kada ka sa hannu. Ka yafe mini.

Yusniar


Jakarta, 26 ga Agusta, 1994

Kawu,

Gaisuwa. Taka ta ranar sha biyar ta iso shekaranjiya, ashe saɓani suka yi da tawa a hanya. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Da na zo inda ka ce ka sa hannu, da inda mai shago ya hau rufi, sai na zauna a kan matakala. Garin gaba ɗaya zai taru ya kalli wannan abu.

Jiya da safe na shiga ofishin Pak Handoko ba sallama. Na ce a yaga takardarka, ko a mayar da shirin yadda na tsara shi, a cire dariyar da aka ƙara. Ya ce ba su ƙara ko ɗaya ba, ragewa ma suka yi don a ji magana. Na ce kawuna bai san abin da ya sa wa hannu ba. Ya ce shi dai mutumin da ya gani bai yi masa kama da wanda ake yi wa wayo ba. Na ce shi bai san mu ba, bai san me ake nufi da dattijo a wurinmu ba. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. Daga ƙarshe na ce ba zan ci abinci da mutuncin ɗan'uwana ba. Ya ce, "Ba wanda ya ɗaure ki, Yusniar." Na cire katin aiki na ajiye masa a tebur.

Na bar aikin, Kawu. Kada ka damu da ni, ina da abin da zai riƙe ni wata biyu. Yau na yi tafiya a ƙasa tun daga Tanah Abang har gida, ban san me ya sa ba. Amma zuciyata ta fi jiya sauƙi. Ko ba komai na biya wani abu daga cikin abin da na jawo maka. Zan nemi lauya ya duba ko akwai hanyar da za a janye sa hannunka.

Taka,
Yusniar


Payakumbuh, 29 ga Agusta, 1994

Yusniar,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta ranar sha takwas ta zo. Na karanta ta sau uku, na je tafki na dawo, sannan na zauna rubutu, don kada in rubuta da zafi. Duk da haka ban yi alkawari ba.

Kunnena na hagu ne ya mutu. Na dama yana jin faɗuwar cokali a gidan maƙwabta. Waya kuwa ba na sonta ne don mutane suna magana a cikinta kamar ana korarsu, sai na ɗora wa kunne laifin don a bar ni. Wannan ƙararrawa taku ko gawa za ta tashe ta.

Tun da kika rubuto maganar minti ɗaya na san ba a yin pasambahan a minti ɗaya, kamar yadda ba a dafa rendang da ashana. Abu biyu ne: ko in bar agogo ya mai da ni abin dariya, ko ni in mai da shi. Shekara arba'in ina tsayawa gaban mayunwata. Kin ɗauka da me nake riƙe su awa ɗaya da rabi? Da wa'azi? Murmushin da kika gani a bikin yayarki, kin zaci na me ne? Na san inda dariya take kwana, na san lokacin tada ta. Kama kunnen nan sai da na ƙirga uku a zuci kafin in yi. Hannu kuwa sanyin na'urarku ne, kun mai da ɗaki kamar wurin ajiye kifi.

Ni na ɗauka shirunki na fushi ne don na kauce wa tsarinki. Ashe tausayina kike ji. 'Yata, dariyar mutum ɗari ba ta taɓa ni ba, ni na kira ta. Wasiƙarki ce ta taɓa ni. Kin dubi mutumin da ya cika miki shafi shida, kika ga tsohon ƙauye da bai san ana yi da shi ba. Maigidan naki da kike zagi ya fi ki ganina.

Yanke karin magana da suka yi, wannan na yarda ɓarna ce, zan yi musu magana da kaina. Sunan kuwa bai dame ni ba. Tsoho ne ni, ƙararrawa ce ita.

2 ga Satumba

Ban kai wannan gidan waya ba sai ga taki ta ranar ashirin da shida. Innalillahi. Innarki ta ce in yaga abin da na rubuta a sama, na ce a'a, gaskiya ce, sai dai yanzu ta yi tsada. Ki bar maganar lauya. Gobe da safe ki koma wurin mutumin nan ki ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle shi ba wada ba ne, kuma da gaskiyarsa. Me ya hana ki jira amsata kwana goma?

Bustami


Jakarta, 13 ga Satumba, 1994

Kawu,

Ina gaida ku. Lafiya lau, sai zafin gari.

Na karanta. Ban kwanta a kan maganarka ba, na je wurin Haji Syamsuar da ita. Dariya ya yi har sai da ya dafa tukunya. Ya ce tun a wurin alwala kafin a fara kuka ƙulla abin, kai za ka yi kurma, shi zai yi kamar ransa ya ɓaci. Ya zuba mini abinci ya ƙi karɓar kuɗi. Na kasa ci.

Na koma wurin Pak Handoko kamar yadda ka ce. Ya karɓe ni da mutunci, har da shayi. Ya ce ya ji, ba komai, amma kujerata an ba Gunawan, wanda teburinsa ke kusa da nawa, tun washegarin tafiyata. Na ce shirin fa nawa ne. Ya buɗe takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni, ya nuna mini layin da ya ce duk dabarar da aka haifa a ɗakin nan ta tasha ce. Ni da nake cewa wani bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Na kai takarda tashoshi biyu. Ɗaya sun ce in dawo bayan sabuwar shekara. Ɗaya sun tambaye ni me na taɓa ƙirƙira, na faɗa, suka ce ai sun ji wannan na Gunawan ne.

Na yi maka laifi, na sani, ba na neman kare kaina. Abu ɗaya kawai zan faɗa. Haji Syamsuar ya ce in ba kai ba zai je ba. In ba ku biyu, ba su da shiri. Ban ce ka yi komai ba. Na dai faɗa.

Yusniar


Payakumbuh, 27 ga Satumba, 1994

Zuwa ga 'yata Yusniar,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an fara ruwa.

Na gane abin da ba ki ce ba. Tun kafin wasiƙarki ta zo na rubuta wa Pak Handoko takarda, na yi masa irin maganar da ake yi wa dangin ango masu taurin kai. Ya amsa da ladabi. Ya yarda za a bar karin maganata cikakku, ya yarda a sa sunanki a ƙarshen shiri cikin waɗanda aka gode wa. Kujera kuwa ya ce a'a.

Daga nan na kwana biyar ina auna abin da kike so. Innarki tana bayanki. Ta ce in zauna a gida, jini ya fi talabijin, kuma kwana uku ke nan tana ba ni kofi ba sukari.

Zan zo, Yusniar. Zan iya ce miki don na sa hannu ne, ko don sunanki ya fito, ko don kada al'ada ta mutu. Duk na gwada su a bakina, ba wadda ta zauna. Gaskiyar ita ce ina so. Shekara goma sha biyar ke nan in na miƙe a biki idon mutane a kan agogo yake. Ran nan mutum ɗari da ba su san ni ba, wasunsu ko yarenmu ba sa ji, suka manta da abincin da ke gabansu. Shekarata sittin da takwas. Ban san sau nawa ya rage mini in ga haka ba.

Na san ke kika gina ɗakin, ni zan kwana a ciki, ke kina waje. Ba adalci ba ne, ban kuma ce shi ne ba. In na ƙi zuwa ma ba za su dawo da ke ba, wani za su samo su manna masa gashin baki. Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin dalilina, dalilina na riga na faɗa.

Bas zai iso ranar Alhamis shida ga Oktoba da hantsi. Tashar talabijin ta ce za ta kama mini ɗaki a otal. In kin ce in sauka wurinki, can na fi so. In ba ki zo tarbata ba zan gane. Na aiko wannan ta gidan waya na gaggawa don ta riga ni isowa.

Kawunki,
Bustami


Jakarta, 1 ga Oktoba, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaida Inna, a ce mata ta mayar maka da sukarinka.

Ban sani ba ko wannan za ta riske ka kafin ka taso. In ba ta riske ka ba, za ka gan ni a tashar mota. Ɗakina ƙarami ne, na aro katifa wurin mai gida. Ban gama fushi ba, da kai da kaina, kada ka zo mini da karin magana a kai. Ɗakin ɗauka kuma ba zan taka ba, Haji Syamsuar zai riƙa biyowa ya ɗauke ka.

Wata ƙaramar tashar talabijin a Surabaya ta ce in kawo musu abu kafin ƙarshen wata. Ina da dabara, shafi uku ta kai yanzu. Zan karanta maka ka gaya mini inda dariyarta take. Babu ɗan'uwana ko ɗaya a cikinta.

Taka,
Yusniar